Haruffan Fo Dotse Masu Tumbi

Ni ban yi nisa a makaranta ba, ina aji uku aka cire ni aka ɗora mini tiren talla. Amma ko a tsakiyar kasuwar Asigame aka nuna mini allon shago, tun daga nesa zan faɗi ko hannun Fo Dotse ne ko ba nasa ba. Teburina na ayimolu, shinkafa da wake ke nan da miyar yajinta, a bakin rumfarsa yake a unguwar Be ta nan Lome tun ina goyon ɗana na fari, yau kuwa 'ya'yan ɗan nan nawa sun isa aike. Saboda haka abin da zan faɗa a kansa ba a bakin wani na ji ba.

Gajeren mutum ne Fo Dotse, Fo ɗin nan yaya ke nan a bakinmu, yana ɗan ɗingishi tun ciwon da ya yi yana yaro, kuma ban taɓa ganin faratansa babu fenti ba, har ranar Lahadi a coci. A Kpalime ya koyi rubutun allo. Yakan ce ubangidansa ya karya masa sanda a baya ya fi a ƙirga, don haruffansa sun ƙi tsayawa ƙiƙam kamar na sauran almajiran shagon. Duk inda ya kamata harafi ya yi kusurwa, hannunsa sai ya lanƙwasa shi. Da ubangidan ya gaji sai ya sallame shi, ya ce ya je can Lome ya nemi wawayen da za su saya.

Wawayen kuwa suna da yawa, har da ni. Harafin O nasa kamar fanken da aka tsamo yanzu daga mai. B ɗinsa mai tumbi biyu, kamar ya ƙoshi da sakwara ya kishingiɗa. Ƙafar R kuwa a ɗage take kaɗan, sai ka ce an buga ganga yana shirin taka rawa. Masu kitso, masu yogot a keke, masu makarantun renon yara, ungozomar da ke bayan tafki, duk wurinsa suke zuwa. Ungozomar nan ta taɓa ce mini tun da ya rubuta mata allo yara suka rage ihu in an kawo su allura. Ban sani ba ko gaskiya ne, ita dai haka ta ce.

Abu uku ne ba ya rubuta wa allo: mashaya, gidan caca, da masu maganin da ke warkar da komai. Na tuna wani mai sayar da sodabi, giyarmu ta gargajiya, da ya zo da takarda a hannu yana lallashi. Fo Dotse bai ko ajiye burushi ba.

"Ɗan'uwa, ka je wurin Latevi a Dekon, hannunsa ya fi nawa kyau."

"Naka nake so, Fo. Naka ne ke kiran mutane."

"To ai shi ya sa. Haruffana yara ne, ba na kai yara mashaya."

Mutumin ya tafi yana tsaki, mu kuma muka yi ta dariya.

Amininsa shi ne Fo Gameli, bakaniken babura da ke tsallaken titi. Da rana ta take sai Gameli ya tsallako da allon dara a hammata, su zauna a inuwar rumfar suna wasa suna cin mutuncin juna.

"Gurgu, matsa mini, kana warin tinar fenti."

"Gara ni. Kai da matarka ke wanke ka da kananzir kafin ta gane ko mijinta ne ya dawo."

Haka kullum. Matar Fo Dotse ta rasu da daɗewa, ba su haihu ba. Wadda ya rena ita ce Sename, 'yar ƙanwarsa da ta mutu wurin haihuwarta. A cikin gwangwanayen fenti yarinyar nan ta yi rarrafe. Ta yi karatu har jami'a, ta koyi zane da kwamfuta, ta sami aiki a wani ofishi da ke shirya wa kamfanoni talla. Yarinya ce mai son kawunta, in ta ɗauki albashi sai ta biyo da kifi da burodi.

Wata damina sai Sename ta shiga yawo a unguwanni tana ɗaukar hoton duk allon da kawunta ya taɓa rubutawa. Ta kawo masa manyan kwalaye, ta sa ya rubuta haruffa ɗaya bayan ɗaya, manya da ƙanana, da lambobi, har da namu na harshen Ewe masu ƙugiya da wutsiya. Yana yi yana mita, wai ta mai da shi ɗan aji ɗaya. Ranar da ta gama aikin ta zo da kwamfutarta ta ɗora a kan teburina, ta ture tukunya gefe, ta ce kowa ya matso. Ta danna, ta danna, sai ga sunan Dotse ya fito a gilashin da haruffansa sak, tumbin nan, ɗagaggiyar ƙafar nan, komai. Ta rubuta Gameli, ta rubuta nawa sunan, Massan, ni da unguwa ke kira Da Massan, wato Yaya Massan. Fo Dotse ya kai yatsa ya shafa gilashin, ya duba yatsan ko fenti ya kama.

Sename ta ce, "Kawu, in ka yarda zan sa shi a intanet, kyauta, da sunanka a kai. Duk mai so a duniya ya ɗauka ya yi aiki da shi. Sunanka zai je inda ƙafarka ba ta je ba."

Gameli ya ce, "Wannan ƙafar ko Aneho da ke nan kusa ba ta kai shi ba."

Fo Dotse bai kula shi ba. Ya tambayi yarinyar, "Har Faransa?"

"Har gaban Faransa."

"To sa."

A gabana aka yi, da bakinsa ya ce a sa. Kuma ya ji daɗin abin na wani lokaci. Sename takan turo masa hotuna: wani gidan burodi a Brazil, littafin yara a Kanada, shagon sabulu a Dakar. Sai ya ɗingisa ya tsallaka titi da wayar a hannu ya kai wa Gameli har ƙarƙashin babur. Ban taɓa ganinsa da fara'a irin ta wannan shekara ba.

Ni na fara ganin kwantenar. Da safe ne, ina dawowa daga sayen gawayi, na tarar an ajiye ta a mararrabar bakin tafki, an shafe ta da ruwan ɗorawa, ga hoton ƙwallo tana murmushi, ga rubutu shuɗi ɓaro-ɓaro. Ban tsaya haɗa kalmomin ba, hannun na gane. Da na iso na ce, "Fo, yaushe ka yi wa mutanen mararraba aiki ban gani ba?"

"Waɗanne mutane?"

Ya je ya gani. Ya daɗe bai dawo ba. Da ya dawo ya zauna a benci ya ce mini, "Da Massan, gidan caca ne. Cacar ƙwallo. An rubuta, zo mu yi wasa."

Ba zan faɗi sunan kamfanin ba, bakina ba zai yi musu talla ba. Kafin shekara ta zagayo babu inda ba su kai ba. Kwantena a kowace mararraba, lema a kan teburin masu sayar da katin waya, riguna a jikin 'yan zemijan masu haya da babur, wani ƙaton allo a babban titi wanda harafi ɗaya a cikinsa ya fi Fo Dotse tsawo. Ko talabijin ka kunna, ga haruffan suna tsalle suna ɗaga ƙafa. Samarin unguwa suka koma can da zama tun safe, kowa da 'yar takarda a hannu yana duban gilashi.

A unguwar da kowa ya san hannun mutum, wa zai yarda ba shi ya yi ba? Mata suka fara zuwa sayen abinci suna magana da ƙarfi don ya ji.

"Wai ba ya kai yara mashaya. Ashe gidan caca yake ajiye su."

"Bar shi, an ce gida aka saya masa a Agoe."

Nakan ce musu ƙarya ne, kwamfuta ce ta yi. Sai su ce, "Kwamfutar a ina ta koya, Da Massan?" Ni ma ba gane shi na yi sosai ba.

Sename ta zo idanunta sun kumbura. Ta ce ta cire haruffan daga inda ta sa su, amma an riga an kwafa, suna wurare da yawa da ba ta san iyakarsu ba. Ta kai shi wurin wani lauya ɗan ajinsu, mutumin kirki, ko sisi bai karɓa ba. Ya duba sharuɗɗan da aka saki haruffan da su, ya ce a ciki an yarda kowa ya yi amfani da su a kowace irin sana'a, kuma abin da aka bayar ta wannan hanya ba ya karɓuwa. Fo Dotse ya ce, "To in na ce na fasa fa?" Lauyan ya ce, "Baba, ruwan da ya zube ne."

Ana cikin haka abin ya faɗo gidan Gameli. Ɗansa Elom, saurayi mai hankali da aka riga aka kai masa gaisuwar aure, shi ne uban ya haɗa wa babur da hannunsa, ƙarfe bayan ƙarfe, don ya yi haya ya riƙe mata. Elom ya sayar da babur ɗin ya ce sace shi aka yi. Bayan nan keken ɗinkin uwarsa ya ɓace. Da gaskiya ta fito cewa caca ce ta cinye su, yaron bai iya haɗa ido da kowa ba, ya fita da safe da 'yar jaka, wani ya ce ya gan shi a tashar motocin Kwatano. Shi ke nan labarinsa.

Fo Dotse ya tsallaka ya je jaje. Ina hango su daga teburina, daga baya kuma Fo Dotse ya faɗa mini abin da aka ce. Gameli bai ɗaga murya ba. Yana goge wata sifana, ya ce, "Dotse, na san ba kai ka yi ba. Ina wurin aka yi komai. Amma in na ɗaga kai hannunka nake gani, in na sunkuyar takardun da yaron nan ya bari a ƙarƙashin katifa nake gani, su ma hannunka ne. Ka bar ni tukuna."

Washegari Gameli ya juya bencin aikinsa ya ba titi baya. Allon dara bai ƙara tsallakowa ba.

Sai Fo Dotse ya ce zai je ofishin kamfanin da kansa. Sename ta ce ba amfani, ya ce a bar shi ya gwada. Ya sa rigarsa ta atamfa ta zuwa biki, na rufe tukunyata na raka shi, don na ga tafiyar tasa ba daidai take ba. Ofishin bene ne mai sanyi, bango duk ruwan ɗorawa, ko ƙofar makewayi da haruffansa aka rubuta. Wata yarinya mai fara'a ta ba mu ruwan sanyi. Da muka daɗe sai wani matashi mai taye ya fito, shi ne manaja. Fo Dotse ya miƙe ya cire hula ya fara bayani a hankali, cewa shi ne Dotse mai haruffan, kuma ya zo roƙo ne.

Bai kai ga roƙon ba matashin ya tafa hannu. "Kai ne? Dotse na haruffan? Ashe ɗan Lome ne! Kai, jama'a ku fito ku ga Baba!"

Ma'aikata suka fito suna murna, suna miƙa masa hannu. Da ƙyar ya samu ya ce so yake a daina amfani da su. Manajan ya saurara da ladabi, ya ce wallahi ya fahimta, amma su nan reshe ne kawai, waɗanda suka zaɓi launi da haruffa suna wata ƙasa, shi kansa bai taɓa ganinsu ba. Ya ce zai isar da saƙo. Kafin mu ankara an kifa wa Fo Dotse hular kamfanin a ka, an jeru kewaye da shi, ana cewa Baba yi murmushi. Mutumin da bai taɓa iya ce wa mai fara'a a'a ba, sai ya tsaya. Ya ma ɗan yi murmushin.

A mako mai zuwa hoton ya shiga wayar kowa a unguwa. Kamfanin ne ya sa shi a shafinsa, da rubutu a ƙasa wai ga uban haruffanmu, ɗan ƙasa abin alfahari. Sename ta yi ta rubuta musu har suka cire, amma lokacin babu wanda bai gani ba. Fada, limaminmu, ya yi magana a coci ranar Lahadi, ya ce kada a ɗora wa bawan Allah laifin da ba nasa ba. A bakin ƙofa na ji wata tana cewa ashe Fada ma an sam masa. Daga ranar Fo Dotse ya koma zuwa addu'ar asuba ta tsofaffi a cocin, ya zauna a bencin baya, ya fita kafin a tashi.

Madam Akpene, mai makarantar renon yara ta bayan kasuwa, ita ta fara zuwa. Allonta na cikin ayyukan da ya fi so, bango guda ne, haruffa kala-kala, ƙananan na hawa kan manyan. Ta zauna ta yi ta kewaye-kewaye, ta tambayi ƙafarsa, ta tambayi Sename. Can ta ce, "Fo, ka yi haƙuri. Iyayen yara ne. Sababbin zuwa suna tambaya ko makarantar ta 'yan caca ce. Wani ya cire 'yarsa. Ina so a shafe bangon."

"A sake wani rubutun?"

"A shafe dai tukuna. Kuma ban so in sa wani ya taɓa aikinka."

Ya ɗauki bokitin farin fenti da tsani ya tafi. Yaran suna cikin aji suna leƙowa ta taga suna kiran sunan kowane harafi kafin ya rufe shi. Da ya dawo ya wanke burushi ya rataye, ya ce in zuba masa abinci kaɗan, ya bar shi a kwano ƙudaje suka ci.

Bayanta ungozoma ta zo, sai mai kitso, sai masu yogot da kekunansu. Kusan duk abin da ya shigo hannunsa a shekarar nan na shafe aikinsa ne. Ya gwada canza hannu. Ya sayi sabuwar rula ta ƙarfe, ya zauna yana jan haruffa masu kusurwa a kwali, kamar yadda aka so koya masa a Kpalime. Suna fitowa a karkace, ba su zama na kowa ba. In ya ɗan shagala kuma sai tumbin ya dawo. Wani mai shagon taya ya karɓi irin wannan allo, ya duba, ya biya don kunya, bai taɓa kafa shi ba. Sauran masu shaguna suka koma wurin masu buga rubutu a leda da inji.

Sename ta sami aiki a Abijan. Na san neman aikin ta yi don ta bar garin, domin ta kai ba ta iya biyowa ta titinmu sai ta zagaya. Ranar da za ta tafi ta durƙusa a gabansa cikin rumfar tana kuka, tana cewa ita ta jawo masa. Ya ce, "Tashi, kina ɓata siket ɗinki da fenti. Tambayata kika yi na ce sa. In da za a sake ma, da murnar nan zan ce sa." Ya raka ta har bakin titi, ya tsayar mata da ɗan zemijan, sai ga rigar mutumin ruwan ɗorawa da haruffan a gadon baya. Duka biyu suka gani. Ta hau ta tafi. Tana kiransa duk Lahadi, suna maganar ruwan sama da tsadar kifi.

Bayan wasu shekaru wani kamfani ya saye wancan. Cikin 'yan kwanaki aka bi kwantenonin aka shafe su da baƙi da ja, aka sa wasu haruffa sirara masu kaifi da suka karkata gaba kamar masu gudu. Samarin suna nan inda suke da 'yan takardunsu. Babu wanda ya zo ya ce wa Fo Dotse ashe ba laifinka ba ne, babu kuma wanda ya dawo a rubuta masa allo, mutane sun saba da leda. Yanzu fentin gidaje yake yi da ƙofofin ƙarfe, in an samu. Hawa tsani yana wahalar da ƙafar, amma yana hawa.

Bara ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Gameli a bakin aikinsa, ya faɗi tsakanin babura. Ya rayu, sai dai baki ya tafi, hannun dama ma haka. Elom har yau ba labari, 'yan matan gidan kuma suna gidajen aurensu, matarsa ita kaɗai ba ta iya ɗaga shi. Ba wanda ya aika wa Fo Dotse. Shi ya ɗauki reza da sabulu wata safiya ya ɗingisa ya tafi. Tun daga nan kullum sai ya je kafin ya fita aiki, ya ɗaga shi, ya yi masa wanka, ya yi masa aski, ya fito da shi inuwar mangwaro. Matar ta ce mini wani lokaci Gameli yakan bi shi da ido, wani lokaci kuma ya juyar da fuska bango har Fo Dotse ya gama ya tafi.

Kwanan baya na tambayi Fo Dotse, na ce, "Fo, mutumin naka ya huce kuwa?"

Yana ɗaure gwangwanin fenti a bayan keke. Ya ce, "Ina zan sani, Da Massan? Ba ya iya magana. Korata ma ba ya iyawa."

Ya ja keken ya gangara wajen tafki, akwai wata ƙofa da zai shafa a Amutive.